Robert Stirling: Limamin da Ya Ƙago Injin Iska Mai Zafi

1.0 Gabatarwa

A ranar 19 ga watan Satumba na shekarar 1816 aka naɗa wani saurayi mai shekara 25 da haihuwa limami na biyu na majami'ar Laigh Kirk da ke garin Kilmarnock, a ƙasar Sikotlan ta Birtaniya. Kwana 8 kacal bayan naɗin, watau ranar 27 ga watan, sai ga sabon limamin nan ya shigar da takarda gaban hukuma, yana neman a tabbatar masa da mallakar wata dabara da ya ƙago ta tsimin wuta, da kuma wani inji mai aiki da iska mai zafi maimakon tururi. Sunan wannan limami Robert Stirling. Ya yi fiye da shekara 60 yana limanci, injin nasa kuwa bai sami karɓuwa ba har ya bar duniya. Amma a yau yawancin ƙananan na'urorin da ke samar da matsanancin sanyi, irin wanda ke mai da iska ta zama ruwa, a kan dabararsa aka gina su.

Manufar wannan maƙala ita ce ta kawo tarihin rayuwar wannan mutum a taƙaice, ta bayyana yadda injinsa yake aiki da abin da ya hana shi cin nasara a zamaninsa, sa'an nan ta bi sawun dabarar tasa har zuwa inda ta sami gindin zama, watau cikin na'urorin da ke sanyaya abu zuwa digiri 200 ko fiye ƙasa da sifiri.

2.0 Asalinsa da Karatunsa

An haifi Robert Stirling ranar 25 ga Oktoba, 1790, a wata gona da ake kira Cloag, kusa da ƙauyen Methven a lardin Perth. Mahaifinsa Patrick manomi ne, sunan mahaifiyarsa Agnes, shi ne kuma na uku cikin 'ya'yansu 8. Ƙere-ƙere ba baƙon abu ba ne a gidansu, domin kakansa Michael Stirling ya yi suna wajen ƙago injin sussukar hatsi tun a tsakiyar ƙarni na 18. Da ma Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Robert ya tashi ne a lokacin da injin tururi ke mamaye Birtaniya. James Watt, wanda shi ma ɗan Sikotlan ne, ya riga ya gyara injin tun shekarar 1769, har ya zama shi ne ke kwashe ruwa daga ramukan haƙar kwal, shi ne kuma ke juya masaƙu. Sai dai injin tururi na wancan zamani akwai shi da cin kwal, ga shi kuma tukunyarsa takan fashe ta hallaka ma'aikata idan matsin tururi ya fi ƙarfin ƙarfen da aka ƙera ta da shi.

A shekarar 1805 Robert ya shiga Jami'ar Edinbara, inda ya karanta Latin da Girkanci da mantiƙi da lissafi. A 1809 ya koma Jami'ar Gilasgo don nazarin addinin Kirista, a 1814 ya sake dawowa Edinbara ya kammala, a shekarar 1815 kuma aka ba shi izinin yin wa'azi a ƙarƙashin Majami'ar Sikotlan. Ke nan duk karatunsa na jami'a na limanci ne. Sanin inji kuwa gadon gida ne da kuma ƙwazon kansa. Da ya zo Kilmarnock sai ya haɗu da wani gwanin ƙere-ƙere mai suna Thomas Morton, wanda ya ba shi wuri a ɗakin aikinsa. A nan ne limamin yakan zauna bayan ya gama hidimar majami'a, yana gwaje-gwajensa, yana kuma ƙera kayan aunawa da madubin hangen nesa.

3.0 Dabarar Tsimin Zafi

Takardar mallakar da aka ba Stirling a 1816 ita ce mai lamba 4081. An sha faɗin cewa tausayin ma'aikatan da tukunyar tururi ke kashewa shi ya sa shi neman wata hanya. Abin da takardar kanta ta fi jaddadawa shi ne rage yawan kwal da itacen da ake ƙonawa. Domin a gane abin da ya kawo sabo, ya kamata a fara duba yadda injin nasa yake.

Sanannen abu ne cewa iska takan kumbura idan ta ji zafi, takan kuma tsuke idan ta yi sanyi. Idan aka kulle iska cikin silinda, aka sa mata fistin a baki, to, zafi zai sa ta tura fistin ɗin waje, sanyi kuma ya sa ya dawo. Wahalar ita ce, zafafa tukunyar ƙarfe a sanyaya ta, a sake zafafa ta, aiki ne mai cin lokaci da ɓarnar wuta. Saboda haka Stirling ya yi doguwar silinda wadda gefe ɗaya nata yake kan wuta kullum, ɗaya gefen kuwa kullum a sanyaye. A cikinta ya sa wani gwangwanin ƙarfe marar nauyi, wanda za a iya kira makori, domin aikinsa kawai shi ne ya kori iska daga wannan gefe zuwa wancan. Idan makori ya tura iska gefen wuta, matsinta ya hau, sai ta tura fistin. Idan ya mai da ita gefen sanyi, matsin ya faɗi, sai fistin ya koma. Fistin ɗin ne ke juya babban wili, wilin kuma shi ke kaɗa makori a kan lokaci. Iskar da ke ciki ba ta fita, wata kuma ba ta shiga, babu ruwan tafasawa, wutar ma daga waje take, ko da me aka hura ta.

Duk da haka akwai sauran ɓarna. Duk sa'ad da iska mai zafi ta koma gefen sanyi, zafin da ta ɗauko zubar da shi ake yi, sai an sake ƙona kwal kafin ta sami wani. A nan ne basirar Stirling ta bayyana. Sai ya cika hanyar da iskar ke bi da siraran wayoyi ko fallayen ƙarfe. Idan iska mai zafi ta ratsa ta cikinsu, sai ta bar musu zafinta, ta isa gefen sanyi a huce. Idan ta juyo kuma, sai ta karɓi abinta, ta isa gefen wuta da ɗuminta. Misalinta kamar falke ne da ke ajiye wani ɓangare na kayansa a zango in zai wuce, ya ɗauka in ya dawo, maimakon ya watsar da su ya sayi wasu. Stirling ya raɗa wa wannan sashe suna mai ma'anar mai tsimi. A cikin wannan maƙala za a kira shi ma'ajin zafi.

Abin mamaki shi ne, ya yi wannan tunani ne tun masana ba su gane mene ne zafi ba. Yawancinsu a lokacin sun ɗauka wani irin ruwa ne marar nauyi da ke kwarara daga jiki zuwa jiki. Sai a 1824, watau bayan shekara 8, Bafaranshen nan Sadi Carnot ya wallafa littafin da ya nuna cewa akwai iyakar aikin da kowane inji zai iya tatsa daga zafi, kuma iyakar ta dogara ne ga tazarar da ke tsakanin zafin gefen wuta da sanyin ɗaya gefen. Daga baya lissafi ya tabbatar da cewa injin Stirling, da a ce ma'ajinsa ba ya ɓatar da komai, zai iya kaiwa wannan iyaka.

4.0 Gwaji da Cikas

A shekarar 1818 aka ƙera inji na farko bisa tsarin Stirling, mai ƙarfin doki 2, aka kafa shi a wani wurin fasa dutse a lardin Ayr don kwashe ruwa. Ya yi aiki na wani lokaci, har ranar da mai lura da shi ya yi sakaci ya bar wuta ta yi yawa, gefen da ke kan wutar ya lalace. Wannan shi ne karo na farko da matsalar da za ta addabi injin ta nuna kanta.

Robert yana da ƙane mai suna James, wanda shi injiniya ne na sosai. Su biyun suka haɗa kai, suka sami wasu takardun mallaka a 1827 da 1840. Babban gyaran da suka yi shi ne ɗura iska mai yawa cikin injin da famfo, yadda matsinta zai ninka na iskar sarari sau da dama, domin iska mai kauri ta fi ba da ƙarfi. Suka kuma ware wa makori tukunyarsa dabam, suka sa bututan ruwa masu sanyaya ɗaya gefen.

A garin Dundee, inda James yake aiki a wata masana'antar narkar da ƙarfe, aka yi gwaji mafi girma. A shekarar 1843 aka kafa inji mai silindar da faɗinta ya kai inci 16, tafiyar fistinsa ƙafa 4, ƙarfinsa kuma ya kai na doki 45. Shi kaɗai ya riƙa juya dukkan na'urorin masana'antar, kwal ɗin da yake ci kuwa bai kai na injin tururin da ya gada ba. A 1845 James ya gabatar da bayaninsa gaban Ƙungiyar Injiniyoyi a Landan, ya nuna tsiminsa, ya kuma nuna cewa ba ya fashewa irin ta tukunyar tururi.

To, amma ƙarfe ya ƙi. Duk matar da ta taɓa barin tukunya a kan murhu ba ruwa ta san abin da ke faruwa da gindinta. Tukunyar tururi ruwan da ke cikinta ne ke janye zafi da sauri, ya hana ƙarfen ƙonewa. Iska kuwa ba ta da saurin janye zafi kamar ruwa, ga shi kuma injin Stirling ba ya ba da amfanin kirki sai gindin tukunyarsa ya yi ja. Ƙarfen zubi na wancan zamani ba ya jure zama ja-wur yau da gobe alhali matsi na danna shi daga ciki. Sau 3 cikin shekara 4 gindin tukunyar injin Dundee yana tsagewa, kowane karo kuma aikin masana'anta ya tsaya cik. Daga ƙarshe masu masana'antar suka fitar da shi, suka mai da injin tururi.

Ma'ajin zafi shi kansa bai mutu ba. Takardar 1816 ta riga ta ambaci yadda za a yi amfani da shi a tandun narkar da gilashi da makamantansu. A 1856 'yan'uwan nan Jamusawa, Friedrich da William Siemens, suka fito da tanda mai aiki da wannan dabara, ta kuma kawo babban canji a sana'ar gilashi da ta ƙarfe. A lokacin wa'adin takardar Stirling ya daɗe da ƙarewa, saboda haka wasu ne suka ci ribar.

5.0 Limanci da Iyali

Duk tsawon waɗannan shekaru Stirling bai saki aikinsa na asali ba. A ranar 10 ga Yuli, 1819, ya auri Jane Rankine a Kilmarnock. A 1824 aka mai da shi limamin Galston, wani ƙaramin gari na masaƙa da mahaƙa kwal da ba shi da nisa daga Kilmarnock, a nan kuma ya zauna har ƙarshen rayuwarsa. A 1840 Jami'ar St Andrews ta ba shi digirin girmamawa na dakta a fannin addini.

Zamaninsa na limanci ya zo daidai da babbar rigimar da ta raba Majami'ar Sikotlan. Tushen rigimar shi ne, wa ke da ikon zaɓar limamin gari: mai ƙasa da doka ta ba wannan dama, ko jama'ar da za su bi shi? A gundumar Strathbogie wasu limamai 7 suka bi hukuncin kotu suka naɗa mutumin da jama'a suka ƙi, babbar majalisar majami'a kuwa ta tuɓe su a 1841. Stirling yana cikin waɗanda suka ci gaba da yin ibada tare da tuɓaɓɓun, saboda haka a 1842 aka dakatar da shi da wasu abokansa daga zaman majalisun majami'a har wata 9. A 1843 limamai fiye da 450 suka ɓalle suka kafa tasu majami'ar, shi kuwa ya zauna cikin tsohuwar. Sa'ad da annobar kwalara ta faɗa wa Galston a 1848 zuwa 1849, ya tsaya cikin jama'arsa yana bin gidajen majinyata, abin da mutanen garin suka daɗe suna yaba masa.

Allah ya ba shi 'ya'ya 7, maza 5 da mata 2. Ɗaya daga cikin mazan, David, ya gaje shi a limanci, sauran 4 duk suka zama injiniyoyi. Wani abin lura shi ne, biyu daga cikinsu a kan injin tururi suka yi suna, watau abokin hamayyar injin mahaifinsu. Patrick, wanda aka haifa a 1820, ya shugabanci ƙera kawunan jirgin ƙasa na kamfanin Great Northern tun daga 1866 har rasuwarsa a 1895, shi ne kuma ya zana shahararren kan jirgin nan na 1870 mai manyan ƙafafu biyu masu tsawon ƙafa 8. James, wanda aka haifa a 1835, shi ma ya riƙe irin wannan muƙami a wasu kamfanoni biyu.

A 1876 ƙanensa James ya rasu. A cikin abin da Robert ya rubuta game da shi, ya bayyana cewa da a ce sun sami irin tataccen ƙarfen da Henry Bessemer ya fito da hanyar yin sa tun shekara 35 ko 40 da suka wuce, da injin iska ya ci nasara, ya kuma bar wa ƙwararrun maƙera na gaba su sake gwadawa. Shi ma ya rasu a Galston ranar 6 ga Yuni, 1878, yana da shekara 87, a matsayin limamin da ya fi kowa daɗewa cikin majami'arsu.

6.0 Yadda Aka Juya Akalar Injin

Injin Stirling yana da wata siffa da ba kowane inji ke da ita ba. Idan aka ba shi zafi, sai ya ba da juyi. Idan kuwa aka kashe wutar, aka sa wani inji dabam ya riƙa juya shi, sai ya shiga kwashe zafi daga gefe ɗaya yana zubarwa a ɗaya gefen. Dalilin haka a fili yake ga duk wanda ya taɓa ba taya iska da famfon keke, ya ji famfon ya ɗau zafi. Iska takan yi zafi idan aka matse ta, takan kuma yi sanyi idan ta buɗe tana tura wani abu. Saboda haka sai a matse iskar a gefe ɗaya, a zubar da zafin da ta yi, makori ya tura ta ta cikin ma'aji zuwa ɗaya gefen, a can ta buɗe ta yi sanyi, ta zuƙe zafin abin da ake so a sanyaya, sa'an nan ta juyo. A wannan karo aikin ma'aji shi ne ya karɓe ɗumin iskar kafin ta isa gefen sanyi, ya mai da mata in ta fito. Da haka kowane zagaye ke ɗorawa a kan sanyin da na baya ya bari, har a kai inda firjin gida ba ya iya zuwa.

A nan ne kuma ciwon da ya kashe injin Dundee ya warke ba da magani ba. Gefen da ya fi zafi a na'urar sanyi bai wuce ɗumin ɗaki da yawa ba, babu ƙarfen da zai yi ja balle ya tsage.

Tun a 1834 masanin taurarin nan John Herschel ya hango za a iya yin ƙanƙara ta wannan hanya. A 1862, Stirling na da rai, wani injiniya ɗan Sikotlan mai suna Alexander Kirk ya ƙera irin wannan na'ura a masana'antar tace mai ta Bathgate, don sanyaya mai har kakin da ke cikinsa ya daskare a tsame shi. Ta yi shekara kusan 10 tana aiki. Amma na'urorin sanyi masu amfani da ammoniya suka fi ta araha a irin wannan matsakaicin sanyi, saboda haka aka sake mantawa da ita.

A 1938 kamfanin Philips na garin Eindhoven a ƙasar Holan ya tono injin Stirling. Bukatarsu ita ce ƙaramin janareta marar ƙara, mai aiki da kananzir, don su sayar da rediyo a ƙasashen da lantarki bai kai ba. Kafin su gama, sai aka ƙago tiransista, rediyo ta koma aiki da ɗan batir, kasuwar janaretan ta mutu. Sai dai a tsakiyar shekarun 1940 injiniyoyin kamfanin sun gwada juya ɗaya daga cikin injinan da lantarki, suka ga kansa ya yi sanyi har kusan digiri 190 ƙasa da sifiri. Wani masani mai suna Jan Köhler ya ɗauki wannan aiki, a tsakiyar shekarun 1950 kuma kamfanin ya fara sayar da na'urar da ke mai da iska ruwa, wadda girmanta bai wuce a ajiye ta a ɗakin gwaji ba. Kafin haka, ruwan iska da ruwan naitirojin, wanda sanyinsa ya kai digiri 196 ƙasa da sifiri, galibi daga manyan masana'antu ake samun su.

7.0 Na'urar Bugun Matsi

Na'urorin sanyi na wannan zamani da suka fito daga tsatson injin Stirling kashi biyu gare su. Akwai kan sanyi, inda ma'ajin zafi yake, akwai kuma sashen da ke matse iskar ya sake ta, wanda za a iya kira na'urar bugun matsi. Ta bambanta da famfo, domin famfo yana tura iska ta wuce gaba ne ta hanyar bawul, ita kuwa ba ta da bawul. Aikinta shi ne ta sa matsin iskar da ke kulle ya riƙa hawa yana sauka, kamar sau 50 ko 60 cikin daƙiƙa guda. Iskar da ake ɗurawa yawanci hiliyam ce, domin ita ba ta zama ruwa sai a digiri 269 ƙasa da sifiri, alhali ƙarshen sanyi gaba ɗaya a digiri 273 yake. Wannan sashe shi ne magajin fistin ɗin Stirling, a kansa ne kuma yawancin ƙirƙire-ƙirƙiren baya-bayan nan suka taru, saboda matsala guda: duk fistin da ke goga da silinda yana bukatar mai, man kuwa idan ya bi iska ya isa kan sanyi sai ya daskare ya toshe ma'aji. Idan kuma aka hana shi mai, sai ya cinye.

A 1964 William Beale na Jami'ar Ohio a Amurka ya fito da injin Stirling wanda fistinsa ba a ɗaure yake da wili ba, yana lilo ne kawai tsakanin matsin iska da sifirin. A ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980 kuma, Gordon Davey na Jami'ar Oksifod a Ingila ya ƙera na'urar bugun matsi mai aiki kamar lasifika: naɗin waya cikin maganaɗisu shi ke kai fistin gaba da baya. Ya rataye fistin ɗin a kan fallayen sifirin masu lanƙwasa gaba da baya amma ba sa yarda ya karkata gefe, ya bar rata tsakaninsa da silinda wadda ta fi silin gashi siranta. Ke nan fistin ba ya taɓa bango ko kaɗan, ba ya bukatar mai, ba ya kuma cinyewa. Na'urar da ke bugawa sau 50 a daƙiƙa takan yi bugu fiye da biliyan 15 cikin shekara 10, irin waɗannan kuwa sun nuna suna iyawa. A shekarar 1991 aka harba taurarin ɗan'adam guda biyu, ERS-1 na Turai da UARS na Amurka, ɗauke da na'urori irin na Oksifod masu sanyaya idanun awonsu zuwa wajen digiri 193 ƙasa da sifiri. Akan kuma haɗa fistin biyu suna fuskantar juna, don girgizar ɗaya ta kashe ta ɗaya.

Shi ma makori an sami hanyar rabuwa da shi. A farkon shekarun 1960 William Gifford da Ralph Longsworth na Jami'ar Syracuse suka lura cewa bututun da matsi ke hawa da sauka a cikinsa, gefe ɗaya nasa yakan yi zafi, ɗaya ya yi sanyi. A 1984 Mikulin da abokan aikinsa a Mosko suka ƙara masa ɗan ƙaramin rami da tankin iska a ƙarshe, suka kai digiri 168 ƙasa da sifiri. A cikin wannan bututun bugu, iskar da ke tsakiya ita ce ke yin aikin makori, saboda haka babu wani ƙarfe mai motsi a kan sanyi. A farkon ƙarni na 21 kuma injiniyoyi a ƙasar Niyuzilan suka ƙera na'urar bugun matsi mai amfani da faifan ƙarfe da ke motsi kamar fatar ganga, wanda ke raba hiliyam da sashen inji mai mai, don a sami manyan na'urori masu sauƙin kuɗi.

Amfanin waɗannan na'urori ya bazu. Su ne ke sanyaya kyamarorin gani cikin duhu da na taurarin hasashen yanayi. Da su ake yin ruwan naitirojin a ƙananan wurare, wanda likitocin dabbobi ke adana maniyyin bijimai a cikinsa don inganta irin shanu. Na'urorin da ke tsare sanyin maganaɗisun injin hoton MRI a asibitoci suna ɗauke da ma'ajin zafi. Madubin hangen sararin samaniya na James Webb, wanda aka harba ranar 25 ga Disamba, 2021, yana da bututun bugu a cikin tsarin da ke kai ɗaya daga cikin idanunsa zuwa wajen digiri 266 ƙasa da sifiri.

8.0 Kammalawa

An ga yadda Robert Stirling ya fito daga gidan manoma masu ƙere-ƙere, ya yi karatun limanci, ya ƙago ma'ajin zafi yana da shekara 25, ya kuma ga injinsa ya faɗi a Dundee saboda raunin ƙarfen zamaninsa. Ya rasu yana sa rai cewa ƙarfe mai jure wuta shi zai ceci injin. An sami ƙarfen daga baya, an kuma ƙera injinan Stirling masu ba da lantarki, amma har yanzu ba su ture injin fetur da na dizal daga kasuwa ba. Inda dabarar ta fi yin tasiri shi ne wajen da ba a bukatar wuta sam. Daga na'urar Kirk ta 1862 zuwa ta madubin James Webb an canja fistin, an canja iskar, a wasu ma an cire makori ɗungurungum, amma ba a iya cire ma'ajin zafi ba. Samfura biyu na injin da ya ƙera suna nan ajiye, ɗaya a gidan tarihi na ƙasa da ke Edinbara, ɗaya a Jami'ar Gilasgo, inda William Thomson, wanda daga baya aka fi sani da Lord Kelvin, ya riƙa koyar da ɗalibansa ilmin zafi da shi.